Yadda Ake Shirya Bikin Cikar Firamaren Ƙauye Shekara 50 Daga Nan Legas

A watan Satumban 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. A shekarar ne ƙauyuka da dama na Arewa suka fara ganin allo da alli, wasu a gindin bishiya, wasu a zauren dagaci, kafin a zo a yi musu ginin aji biyu. Duk makarantar da aka buɗe a wannan guguwa tana cika shekara 50 a 2026. Da yawa daga cikinmu da ke neman abinci a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da Ijora, a irin waɗannan makarantu muka koyi abacada.

Tamu ta girmi UPE da 'yan shekaru, saboda haka mun riga mun yi namu bikin, kuma ni na riƙe littafin kwamiti daga farko har ƙarshe. Tun daga nan 'yan'uwa na wasu garuruwa ke tare ni a ƙofar masallaci suna tambayar yadda muka yi. Ga shi na rubuta, har da inda muka yi tuntuɓe. Tambaya ɗaya nake so ku riƙe tun daga zaman farko: ranar da aka kwance rumfuna, baƙi suka watse, me zai rage wa yaran da za su shiga aji ranar Litinin?

Da farko a tabbatar da shekarar

Kafin a buga ko katin gayyata ɗaya, a tura mutum ya zauna da hedimasta. Takardu biyu za a nema: littafin tarihin makaranta, wanda kowane hedimasta ke rubuta abin da ya faru a zamaninsa, da rajistar ɗaukar ɗalibai ta farko. In gara ta cinye su ko yoyon rufi ya lalata, sai a nufi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, suna da jerin makarantunsu da shekarar kafuwar kowace. Sannan a haɗa da bakin dattawa, domin takarda ranar da gwamnati ta san da makaranta take faɗa, dattijo kuwa ya san ranar da yara suka fara zama.

Mu a nan muka kusa makara. Muna zaune a Legas muna jiran 2026, saboda ginin da muka tashi muka gani na zamanin UPE ne, sai hedimasta ya aiko cewa lissafinmu da gyara. Da na je gida ya buɗe mini akwatin ƙarfe da ke ofishinsa, ya fito da wata rajista mai baƙin bango, gefenta duk gara ta yi zane, sunaye an rubuta su da alƙalamin tawada. Shafin farko ya nuna an ɗauki yara tun kafin a aza tubalin ginin, a zauren dagaci. A layi na huɗu na ga sunan babban wanmu, Allah ya jiƙansa, da sunan mahaifinmu a gefe, an rubuta manomi a gurbin sana'a. Na daɗe riƙe da shafin ban iya juyawa ba.

A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a mayar da rajistar inda take. Kada wani ya ce zai taho da ita Legas don a gani. Kayan makaranta ce, kuma babu ta biyu.

Zaman farko da kafa kwamiti

Lahadi bayan La'asar ta fi dacewa da yawancin mutanenmu. Sai dai Legas da faɗi, wanda ke Alaba Rago in ka ce kullum ya zo Mile 12, cunkoson hanya kaɗai zai sa ya daina zuwa. A riƙa juya wurin zaman, wannan wata a nan, wata mai zuwa a can. A buɗe zauren WhatsApp, amma duk sanarwa a yi ta da murya tare da rubutu, domin cikinmu akwai waɗanda aji uku suka tsaya, kuma su ma makarantarsu ce. Mai shayi, mai gadi, ɗan dako da mahaucin Oko-Oba a gayyace su kamar yadda aka gayyaci ɗan canji da mai tireloli.

Kwamiti biyu za a yi. Na Legas shi ke tara kuɗi, ya nemo tsofaffin ɗalibai, ya yi aikin ɗab'i. Na gida shi ke tsaye kan gini, masauki da abinci, kuma a cikinsa dole a sa hedimasta, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wakilin dagaci da mace aƙalla ɗaya da matan gari ke jin maganarta. Da ɗan gari akan ci gari. Mu da muka shekara ashirin a Kurmi mun san garin da muka bari, su kuwa sun san garin da ke nan yau.

Muƙamai huɗu sun isa: shugaba, magatakarda, ma'aji da mai binciken kuɗi. Ma'aji da mai bincike kada su fito gida ɗaya, kada kuma ɗaya ya zama yaron ɗaya a kasuwa.

Gaisuwa da neman izini

Wannan ba a yin sa ta waya. Mutum biyu ko uku su tafi gida da ƙwaryar goro, su bi manya daki-daki: mai unguwa, dagaci, liman, sannan dagaci ya haɗa su da wanda zai raka su wurin hakimi. Magana kaɗan ce. “Ranka ya daɗe, 'ya'yanka da ke Legas ne suka aiko mu. Makarantar garinka ta kai shekara hamsin, muna neman izini da albarka mu yi mata abin da Allah ya hore.” In dagaci ya ce Allah ya yi albarka, rabin aiki ya ƙare.

Daga nan sai hukuma. Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma yana ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Ko bulo ɗaya za ku aza a harabar makaranta, sai da saninsu. A rubuta takarda ta hannun hedimasta zuwa ga sakataren ilimi, a faɗi abin da ake son yi da lokacin da ake son yi, a karɓo kwafi mai hatimi a ajiye. Akwai riba ta biyu a wannan takarda. Tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004, gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, jihohi kuma sai sun zuba nasu kason kafin su karɓa su yi gine-gine. Makarantar da mutanenta ke rubutu suna bibiya ta fi saurin faɗowa a ran masu tsara aikin fiye da wadda ba a taɓa jin ɗuriyarta ba.

A je a gani da ido

Gani ya kori ji. Wakilan da suka je gaisuwa su shiga makarantar ranar karatu, da safe, ba tare da an yi musu shiri ba. Su ƙirga azuzuwa, su ƙirga yara a kowane aji, su ƙirga benci. Su ɗaga kai su dubi kwano da silin, su leƙa makewayi, su tambayi inda yara ke shan ruwa. Sannan su zauna da malamai su kaɗai, su ce: “Malam, in abu ɗaya za a yi muku, wanne ne?”

Mu daga Legas ƙofar shiga muka ƙudurta, babba mai baka, da sunan ƙungiyarmu a sama. Wata malama da ke koyar da aji shida ce ta sauya mana tunani. Ta ce 'yan matan ajinta da sun fara girma sai su riƙa ɗauke ƙafa, saboda makarantar ba ta da makewayi mai ƙofa, kuma babu ruwa. Muka bar maganar ƙofa, muka gina makewayi na mata daban na maza daban, muka gyara famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara a lalace, muka sake rufin aji biyu da iska ta yaye. Har yau ina ganin shawarar wannan baiwar Allah ta fi duk abin da muka tattauna a zamanmu na wata uku.

A zaɓi aiki ɗaya babba da za a iya gamawa kafin ranar biki, da ƙanana biyu. Ginin da aka bari a linta ya fi rashin gini ciwo.

Maganar kuɗi

A nan ƙungiyoyi ke watsewa, don haka zan ɗan daɗe.

Kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Mutum na iya rasuwa, magada su ce na mahaifinsu ne, kuma ba ku da ta cewa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya. Banki zai nemi takardar rajista daga hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, da tsarin mulkin ƙungiya, da bayanin zaman da aka zaɓi masu sa hannu, da lambar BVN ta kowannensu. Abin yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ake farawa da wuri. Masu sa hannu su zama uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa.

Wajen karo-karo, kada a yanka wa kowa adadi ɗaya. A yi hawa uku, kowa ya zaɓi wanda zai iya, a riƙa biya wata-wata kamar adashi. Mai tura baro da ke ba da kaɗan duk wata har shekara ya fi wanda ya miƙe a taro ya yi alkawarin miliyan ya kashe waya. A kowace unguwa a naɗa mai karɓa da littafin rasit, ya zuba a banki cikin kwana biyu, ya turo hoton takardar. Ƙarshen kowane wata ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a kuma aika wa kwamitin gida. Wanda ya ce kada a faɗi sunansa, a rubuta “wani bawan Allah”, amma adadin ya fito.

Kasafin da nake ba da shawara shi ne kashi bakwai cikin goma ga aikin makaranta, biyu ga hidimar biki, ɗaya a ajiye saboda tashin farashi. Siminti da kwano ba sa jiran kowa, abin da magini ya faɗa muku da rani ba shi za ku tarar da kaka ba. Saboda haka da kuɗi sun taru a sayi kaya a ajiye a gidan dagaci, a rubuta adadinsu, mutum biyu su sa hannu. Kuma a rubuce a tsarin aiki cewa ba a taɓa kason makaranta don ƙara rumfa ko sa na yanka.

In za a yi taron gidauniya a Legas, a yi shi wata uku ko huɗu kafin biki, a sanar da Sarkin Hausawan unguwar, a gayyaci shugabannin kasuwa. A lissafi kuwa, abin da ya shigo hannu kaɗai ake ƙirgawa. Mu mun yi kuskuren ba magini umarni bisa alkawarin wani babban mutum da ya yi a gaban lasifika, kuɗin ba su zo ba har yau, sai da muka sake bin 'yan'uwa zagaye na biyu kafin a gama rufin azuzuwan. 'Yan siyasa za su zo, musamman in zaɓe ya ƙarato. A karɓi gudummawarsu da godiya, a gaya musu tun a zaure cewa ba a kafa tutar jam'iyya a filin makaranta, domin iyayen yaran nan ba jam'iyyarsu ɗaya ba.

Tsayar da rana

Da damina ba a yi, mutane na gona kuma hanya ta lalace. A guji azumi da makon jarrabawa. Bayan kaka ya fi, lokacin rumbu ya cika, hankali ya kwanta. Wasu kan so a haɗa da hutun Sallah tunda 'yan Legas na gida, kuma da hikima a ciki, sai dai a tabbatar malamai da yara za su samu halarta, domin bikin makaranta babu ɗalibai taron manya ne kawai. Asabar ta fi, in ba ranar kasuwar garin ba ce. Shirin duka a ba shi shekara guda.

Neman tsofaffin malamai da ɗalibai

Da hotunan rajistar nan za a yi aiki. A karanta sunayen 'yan ajin farko a zaman Legas, a karanta a gida, za ku sha mamakin yadda za a riƙa cewa wannan yana Fatakwal, wannan ta yi aure a gari kaza, wannan ya rasu. Matan da aure ya kai wasu garuruwa su aka fi mantawa, don haka a ba mata wannan aikin, sun san inda kowace take.

Malamai kuwa a neme su da gaske. A shekarun UPE malamai sun yi ƙaranci, an kawo su daga ko'ina, har da 'yan Kudu da masu yi wa ƙasa hidima, tunda an kafa NYSC tun 1973. Zamanku a Legas dama ce ta gano irin waɗannan. Mu mun gano wani Bayerabe da ya koya mana lissafi, ta hannun wani direba da ya san garinsu. Muka je har gida, muka tarar ya tsufa, ido ya yi rauni. Da muka faɗi sunan ƙauyenmu sai ya gyara zama, ya ce da Hausarsa da ba ta goge ba: “Ƙarfen nan da ake bugawa a jikin darbejiya, yana nan?” Muka ce yana nan, Malam, shi ake bugawa har gobe. Wanda zai iya tafiya a biya masa kuɗin mota da masauki. Wanda ba zai iya ba a kai masa kyautarsa gida, a ɗauko muryarsa a waya a sa wa jama'a ranar taro. Wanda ya rasu a kira iyalinsa su karɓa.

Duk dattijon da aka zauna da shi a ɗauki maganarsa. Yadda ake ɗora hannu bisa kai a kamo kunne kafin a ɗauki yaro, yadda wasu iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗaukar 'yan makaranta, sunan wanda ya ba da filin. Daga nan za a fitar da ɗan littafin tarihi, shafi goma sha biyu ma ya isa, da Hausa.

Abin da za a saya a Legas da wanda za a bari sai gida

Ɗab'i a yi shi a nan. Shomolu cike take da maɗaba'u, za su buga littafin tarihi, kalanda, takardun yabo da littattafan rubutu masu sunan makaranta a bango. Mutum biyu masu Hausa su karanta samfurin kafin a buga, saboda mai na'ura bai san bambancin ƙ da k ba, kuma sunan mutum in ya ɓaci a takardar yabo ba ya gyaruwa. In za a yi anko, kasuwar Balogun na nan, amma kada a wajabta shi, kuma a zaɓi yadin da matar ƙauye za ta iya saya.

Siminti, katako, kwano da benci kuwa a gida. Kuɗin dako daga Legas zai cinye ribar, kuma kafintan gari da magininsa su ma su ci albarkacin makarantar. In benci ya karye bayan wata shida, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Tafiya

Masu zuwa su rubuta suna wata guda kafin lokaci, a yi shatar mota daga tashar da kuka saba. Ko ta Ilorin, Jebba da Mokwa za a bi, ko ta Lokoja da Abuja, a tambayi direbobin da suka sauka a makon halin da hanya ke ciki, a kuma tsara tafiyar yadda ba za a ratsa daji da dare ba. Kuɗi kada su bi mota, a tura ta banki. Magatakarda da ma'aji su riga kowa isa da kwana biyar. Kwamitin gida ya sanar da ofishin 'yan sanda da 'yan sintirin gari a rubuce.

Ranar biki

Daren jajibiri a yi saukar Alƙur'ani da addu'a ga waɗanda suka rasu cikin malamai, ɗalibai da wanda ya ba da fili. In garin akwai Kiristoci, su ma a ba su lokacinsu.

Da safe a fara da buga ƙarfen nan, yara su yi layi kamar kullum, a yi taken ƙasa. A sa yara a inuwa. Na sha ganin taron da manya ke cikin rumfa, yara na tsaye a rana tun hantsi har azahar, kuma wai bikinsu ake yi. Rumfa ɗaya tasu ce, da ruwan sha a kusa, kuma su za a fara ba abinci.

Jawabi huɗu sun wadatar: hedimasta, shugaban kwamiti, sakataren ilimi da uban ƙasa, kowa minti goma. Sauran lokacin na yara ne, su yi fareti, kacici-kacici, karatu a bainar jama'a da ɗan wasan kwaikwayo. Bayan nan sai kiran rajista. A ba mafi tsufa cikin malamai rajistar farko ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke raye ya miƙe ya amsa, wanda ya rasu ɗansa ko jikansa ya amsa masa, jama'a su ce Allah ya jiƙansa. A namu, da aka zo layi na huɗu ɗan wana ne ya miƙe, filin ya yi tsit, har maroƙa suka sauke murya. Kada a gaggauta wannan wuri, ko da za a rage wani abu.

Daga nan a karrama malamai, na da da na yanzu, da abin da zai amfane su, turmi ko shadda da ɗan abin sawa a aljihu, tare da takardar yabo. Sai a zaga da baƙi su ga aikin da aka yi, a miƙa makullai ga hedimasta a gaban sakataren ilimi da dagaci. A tashi kafin La'asar saboda masu komawa nesa.

Bayan an watse

Washegari kwamitocin biyu su zauna a ofishin hedimasta tun kafin 'yan Legas su hau mota. A rubuta duk abin da aka miƙa, benci nawa, littafi nawa, makulli nawa, hedimasta da shugaban iyaye su sa hannu, a yi kwafi uku: na makaranta, na ofishin ilimi, na ƙungiya. A biya mai rumfa, mai lasifika da masu girki a ranar, kada a bar wa mutanen gida bashi. A naɗa mutum ɗaya a gari da zai riƙa duba famfo da makewayi, a bar masa kuɗin gyara daga kason da aka ajiye.

Cikin mako biyu da dawowa Legas a kira zama, mai binciken kuɗi ya karanta lissafi tun daga naira ta farko, da rasit a kan tebur ga mai son dubawa. A aika takardun godiya ga hakimi, dagaci, sakataren ilimi da duk wanda ya ba da wani abu. Asusun kuma kada a rufe shi. A rage karo-karon zuwa abin da ba zai yi wa kowa nauyi ba, a sa ranar da wakili zai koma ya ga makarantar a zangon karatu na gaba. Kwafi ɗaya na littafin tarihin, da hotunan ranar da jerin sunayen waɗanda suka halarta, a sa su a leda mai kauri a ajiye cikin akwatin ƙarfen nan tare da rajistar, a ɗora akwatin a kan bulo saboda gara.